Yaya Falmata da Kududdufin Unguwarmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata, Falmata. A irin wannan watan muka kai ta makwancinta. Cikin waɗanda muka kama makararta, mu uku muka rage: ɗaya ya koma wajen 'ya'yansa a bayan gari, ɗaya ido ya tafi, ba ya fita ko masallaci. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tun da sauran wanda zai ce haka aka yi.

Ungozoma ce. Kakanninmu daga Barno suka zo, amma mu a nan cikin birni aka haife mu, a wani lungu ta wajen Gwale. Ita ba a sa ta boko ba, ni aka sa, har na zama malamin firamare. Sana'arta ta sa babu gidan da ba ta san cikinsa ba. Mu maza iyakarmu soro, ita kuwa har ƙuryar ɗaki.

A bayan gidajenmu akwai kududdufi tun na kakanni, inda aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar. Ba abin sha'awa ba ne, ga sauro ga wari. Amma duk ruwan daminar lungunanmu can yake gangarawa. Wani rani sai muka ga tifa tana juye ƙasa a bakinsa. Aka ce wani attajiri ya saya, da takardarsa, shaguna zai yi. Dattawa suka kafa kwamiti a ƙofar masallaci, aka sa ni sakatare. Sau biyu muna zuwa wajen mutumin. Ya ba mu lemo mai sanyi, ya yi mana alkawarin magudana, muka dawo muka zauna jira.

Da damina ta kankama, ruwa ya rasa wurin zuwa, ya shigo gidaje. Katanga ta jiƙe ta faɗa kan wata maƙwabciyarmu, Ladidi, kwananta tara da haihuwa. Yaya ce ta karɓi haihuwar, ita ce kuma ta yi mata wankan gawa.

Bayan sadakar uku ta same ni a soro ina duba takardun jarrabawa.

"Bukar, kwamitin naku me ya ce?"

"Yaya, muna jiran amsa."

"To, ku yi ta jira. Ɗauko biro."

Ban taɓa jin ta yi jawabi ba. Gida-gida ta bi, da mayafinta da 'yar jakarta. Ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar yara, sannan ta ce a nuna mata inda ruwa ya kai a jikin bango. Da yamma ta zo ta faɗa mini, in rubuta a littafi: gidan wane ɗaki ya zube, gidan wane hatsi ya ruɓe. Matan suka riƙa dangwala yatsa a ƙasan takardar koke. Wanda ya hana matarsa, Yaya ba ta yi masa gardama, wajen uwarsa take zuwa. Rani guda ta ɗauka tana wannan yawo. Aka ce 'yan siyasa ne suka saye ta, aka ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Wasu gidajen suka daina kiranta haihuwa. Wannan ya ci mata rai, na gani a fuskarta, amma ba ta fasa ba.

Takardar koke ta tafi ofishin hukuma, shiru. Wata safiya tifa ta shigo da lodinta, ta tarar da mata sun shimfiɗa tabarmi a kan hanya sun zauna. Babu allo, babu ihu. Wata na tsintar shinkafa, wata na ɗinkin hula, wasu da goyo. Direba ya yi ta danna hon. Yaya ta tashi ta isa jikin motar.

"Ɗana, ai hanya ce a gabanka. Juye a kanmu."

Ya kashe mota ya sauko.

Da rana 'yan sanda suka zo suka tafi da ita. A nan ne akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina wurin. Ina tsaye a bakin lungu, littafin yana cikin aljihun rigata, ina tunanin aikina da fanshona. Ta waiwayo, muka haɗa ido, ban matsa ba. Kafin magariba aka sako ta, don matan sun ƙi tashi. Ta shigo gida ta ce in kawo mata ruwan alwala. Har ta koma ga Allah ba ta ɗago maganar ba, ni ma ban ɗago ba. Na sha cewa gobe zan nemi gafararta.

Washegari ta koma kan tabarmarta. Kunya ta fito da maza, ɗaya bayan ɗaya, har liman. Bayan kwanaki hukuma ta tsayar da aikin. Rabin kududdufin ya tsira, daminar da ta biyo baya kuwa ba a yi makoki a lungunmu ba.

Ita ba ta ɗauki wannan a matsayin an gama ba. Ta sa matan suna haɗuwa duk Asabar a tsakar gidanta, kan famfo, kan shara, kan maganin asibiti. Lokacin zaɓe 'yan siyasa suka zo mata da atamfofi, suka ce ta zama shugabar matan jam'iyya. Ta ce a mayar. Wasu cikin matan suka karɓa, kuma daga nan zaman ya fara raguwa. Da ta rasu na kira taro sau biyu. Na farko an zo don kara, na biyu tsofaffi huɗu ne. Ban kira na uku ba. Ba a yi shekara biyar ba aka cike ragowar kududdufin. Yau shaguna ne a jere, a nan nake sayen katin waya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu ruwa na shiga gida, yaro zai ɗauka a waya, kafin la'asar duk gari ya gani. Na san wannan zai burge ta, ita da ta cinye takalma don a ji labarin lungu ɗaya. Amma na san kuma za ta tambayi yaran gida nawa suka shiga, da wa suka zauna, wa zai fito in an tafi da ɗayansu. Ba na jin za ta raina su. Za ta dai ce su zo ta raka su.

In an auna da ido, babu abin da ya rage nata. Kududdufi ya tafi, taro ya watse, gidanta an raba gado an yi masa bene. Masu shagunan ba su taɓa jin sunanta ba. Abin da na ga ya saura ɗaya ne: a unguwarmu mace ba ta jiran a kafa mata kwamiti. Yawancin matan ba su san inda suka samo wannan hali ba.

Makon jiya kwata ta toshe, ƙazanta ta malalo har ƙofar islamiyya. Ina zaune a soro ni kaɗai da hantsi sai na ga mata sun fito a jere, matasa ne, ban san ko ɗaya ba, za su sakatariyar ƙaramar hukuma. Babu wadda ta nemi in rubuta mata komai. Na laluba sandata na bi bayansu, ina ɗingishi. Ta ƙarshensu ta juyo.

"Baba, ina za ka da ƙafar nan?"

Na ce, "Inda za ku."

Ta rage sauri, muka jera.

Allah ya jiƙan Yaya Falmata, ya yafe mata, ya sa ta yafe mini.