Fitilar Da Na Kai Wa Murjani A Goronyo

Daga Gandi zuwa Rabah

Ana idar da sallar asuba na rataya jakata na fita daga gidanmu a Gandi. Mahaifiyata ta rako ni har zaure tana maimaita min kada magariba ta same ni a hanya. A tasha direba ya ƙi tayar da mota sai da gari ya waye sosai, kuma ba wanda ya yi masa ƙorafi.

Abin da ya fitar da ni shi ne abokina Murtala, wanda muka karanta kimiyyar kifi tare a jami'a. Bautar ƙasa ta kai shi bakin teku, ya dawo gida Goronyo da wata sha'awa da ban taɓa jin irinta a ƙasarmu ba: kiwon murjani mai rai a akwatin gilashi. Mu nan a wuyan mata muka san murjani. Amma asalinsa halitta ce ta teku, kuma yawancin waɗanda ake kiwo da haske suke rayuwa, domin a jikinsu akwai wasu ƙananan tsirrai da ke haɗa musu abinci idan haske ya sauka. Da zai sayi fitila, ni ya tambaya. Na ce ya sayi mai ƙananan ƙwayaye shuɗi da fari, wadda masu sola ke kira LED. A littafi na karanta, ban taɓa gwadawa ba, kuma na gaya masa haka.

Bayan wasu watanni ya kira ni. Murjanin suna dushewa, ɗaya ya mutu, saura kuma ba su buɗewa kamar da. Ya ce zai cire fitilar ya rataya babbar nan mai zafi irin ta filin ƙwallo. Na roƙe shi ya jira ni in zo in gani da idona. Tun daga ranar barcina ya ragu.

Mun isa Rabah da hantsi. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, na hau mashin zuwa Wurno.

Wurno

A Wurno saƙo ke jirana. Na yi odar dogayen ƙwayayen fitila guda biyu masu shuɗin haske daga Legas, ko da za a bukaci gwada wata hanya, wani direban babbar mota da ya kai albasa kudu ya taho min da su. Na same shi a gindin motarsa yana shan shayi. Ya naɗe su da bargon kwanansa, ya ɗaure da igiya kamar jinjiri.

"Malam, mi aka yi da wanga abu da ba a iya sayenai nan?" ya tambaye ni.

Na ce na wasu halittun ruwa ne masu cin haske.

"Masu cin haske? To su sun huta. Ni da ɗiyana haske suka ci, da na aje tuƙi."

Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce hanyarsa ce. Ban san yadda ya ratso ƙasar nan kaf da gilashi mai kaurin rake bai fasa ba. Ni daga Wurno zuwa Goronyo kawai, a motar haya, tsaye na riƙe su tsakanin gwiwoyina, duk ramin da muka faɗa sai na ƙara ƙanƙame su. A shingen jami'an tsaro an sa na kwance bargon. Jami'in ya ɗaga ƙwai ɗaya ya leƙa shi ta rana, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce mu wuce.

Goronyo, ranar farko

Bayan la'asar na isa gidansu Murtala. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta tarbe ni da ruwan randa da tuwon shinkafa da miyar kifi. Shi yana wurin aikinsa a tafkunan kifi kusa da madatsar ruwa, ba ya dawowa sai bayan magariba.

Da ya dawo ya ja ni wani ɗakin ƙasa mai kaurin bango a ƙuryar gidan, ba taga sai wata 'yar kafa a sama. Na tsaya ina kallo. Akwatin mai faɗi ne, zurfinsa bai fi taki ɗaya da rabi ba, ɗakin duk ya yi shuɗi. Wasu murjanin kamar naman kaza, wasu kamar ƙananan furanni a cunkushe, wani kamar ciyawa yana kaɗawa. Murtala da kansa yake haɗa ruwan gishirin. Ya kafa fanka a kan ruwan, kuma da bazara gorunan ƙanƙara yake jefawa ciki don kada ya yi ɗumi. Teku ke nan a Goronyo, a kan batirin sola. Amma gaskiyarsa ce, sun koma ruwan ƙasa kamar busasshen ganye.

Muka zauna muka auna fitilun ɗaya bayan ɗaya. Babbar mai zafi tana da haske mai kyau, amma a zafin garin nan za ta dafa ruwan, ta ƙafar da shi gishiri ya yi yawa, ta kuma shanye batir kafin azahar. Dogayen ƙwayayen da na kawo suna baza haske daidai ko'ina ba inuwa, sai dai sun fi cin wuta, kuma ƙarfinsu na raguwa, dole a riƙa sake su. Hasken rana kyauta ne, amma da zafinsa yake zuwa. Wadda ke rataye ita ta fi sanyi da ƙarancin cin wuta, ana kuma iya rage ta. Abin da ya ɗaure min kai, a ruwa marar zurfi irin wannan yawan haske ake tsoro, shi ke sa murjani ya yi fari fat. Waɗannan kuwa duhu suka yi, alamar ƙarancin haske, in dai na fahimci abin da na karanta.

"Kai kullum in dai, in dai," in ji Murtala. "Gobe dai ka zamna ka dube su, tunda kai ad da hitilar."

Rana ta biyu

Da safe ya kunna fitilar ya tafi aiki. Na shimfiɗa tabarma na zauna ina kallo. Can da hantsi Inna ta shigo da ƙwaryar fura, ta ajiye a gabana, tana tambayata lafiyar mutanen Gandi da yadda damina ta yi mana. Tana cikin magana ta miƙa hannu bango ta kashe fitilar, kamar mai korar ƙuda. Ɗakin ya yi duhu.

Na ce, "Inna, fitilar..."

"Bari kai dai, ɗan nan. Wanga yaro kullum haka shika yi, shi kunna shi tahi shi bar ta." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Wa ka ƙona hitila rana tsaka? Almubazzaranci na. Ni ka bin sawunai ina kashewa. In magariba ta yi in kunna mai tare da na gida, kar shi iske ɗakinai da duhu."

Nan na haɗa zancen. Kullum Murtala ya dawo a kunne yake samun ta, bayan isha'i kuma ya kashe da kansa. Na rasa ta inda zan fara, domin ba na son ta ji kamar tuhuma ce. Na ce a hankali, wataƙila, ban dai tabbatar ba, hasken nan shi ne abincinsu.

Ta yi dariya. "Abincin duwatsu? Ai ina da irinsu cikin adudu, tun na aurena. Ba su taɓa roƙona komi ba."

Na kunna fitilar, na roƙe ta ta matso. Na ɗauki tsinke mai tsabta na ɗan taɓa ɗaya daga cikin furannin. Nan take ya tsuke, na kusa da shi ma suka bi. Inna ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Rai gare su?"

Na ce rai gare su.

Ta zauna a bakin tabarmar. Ta dubi ruwan. "Ashe yunwa nika ba su, cikin gidana. Ni da ko kazar maƙwabta ba ta kwana da yunwa nan. Shi ko mi ya hana shi gaya min?"

Da Murtala ya dawo Inna ce ta riga shi magana. "Kai da karatunka, ka aje baƙi cikin ɗaki ba ka ce ma uwar gida ga abin da suka ci ba?" Ya dube ni, na dubi ƙasa. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Ta so a bar musu fitilar dare da rana don su rama. Na ce a'a, wanda ya daɗe da yunwa ba a cika masa akushi lokaci ɗaya, kuma su ma suna bukatar duhun dare. Muka rage ƙarfin fitilar, muka ƙara ɗaga ta sama, a kan za a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Dogayen ƙwayayen muka jingine a kan rumbu, ko za su yi amfani wata rana. Inna ta sa na maimaita mata lokutan da sallah: a kunna da hantsi, a kashe bayan magariba.

Komawa gida

Washegari da sassafe na kamo hanya, da ƙullin busasshen kifi da albasa da Inna ta tilasta min. Ta Wurno na sake biyowa, na mayar wa direban nan bargonsa, na iso Gandi kafin la'asar.

Bayan 'yan makonni Murtala ya turo min hoto. Kore ya fara dawowa a gefen wasu furannin. Ba zan ce sun tsira duka ba, ƙaramin nan na kusurwa har yanzu bai buɗe ba, kuma ban isa in ce fitilar da na zaɓa ta fi kowacce ba. Abin da na sani, ba a taɓa ba ta dama ba sai yanzu. Ya ce Inna ta ɗaure makunnin da ƙyalle, ko shi ba ya taɓawa sai da izininta, kuma in baƙi mata sun zo, ta kan tsaya a ƙofar ɗakin ta ce su rage murya, ana cin abinci.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa direban albasa da bargonsa. Inna kuwa, Allah Ya ciyar da ita kamar yadda take ciyarwa.