Tsarabar Kwanni

Jiya a tashar Illela na ga kwalin sigari a teburin mai shayi, da hoton ruɓaɓɓen huhu a jikinsa. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In shiga shagona, in fito, in sake shiga. Kawuna nake tunawa.

Duk tsallaka iyakar da zan yi zuwa Kwanni saro kaya, ba na dawo masa hannu rabbana. Wasu goro suke kai wa manyansu, ni sigarin can nake kai masa, don ya ce ta fi ta gida ƙamshi. In same shi a zaure kan buzunsa, ya ce, "Mi ka kawo man?" Ya shinshina kwalin, ya tura ƙarƙashin buzu, don ba ya sha a gaban na ƙasa da shi. "Allah shi yi ma albarka." In tafi ina jin daɗi.

Da tari ya kama shi, muka ce sanyi ne, muka yi ta dafa masa citta. Sai da ya fara tofar da jini muka kai shi Sakkwato. Likita ya ce kansar huhu ce, ta yi nisa.

Da na je duba shi, murya a dishe ya ce, "Mi ka kawo man?" Lemu ne a hannuna. Ya yi murmushi, ya sa mini albarka kamar kullum.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma Allah ya yafe mini tsarabata.