Kwamfuta Ta Hana Goggo Izini

"Me ta ce?" in ji Goggo Laraba, tana tsaye a kaina.

Kwamfutarta ce ta ƙi tashi, ga waƙoƙin zumuntar matan cocinsu na Samaru duk a ciki. Na tayar da ita da filashi, na buga umarnin fdisk -l don in ga ko ɓangarorin faifan ajiyarta suna nan. Kwamfuta ta ce ba ni da izini.

"Izini? A gidana?"

Na ce, "Goggo, sai an fara buga kalmar sudo, sannan ta san mai gida ke magana."

"Matsa."

Da yatsa ɗaya ta buga. Sai ga ɓangarori uku reras! Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo.

Yanzu ko aikena za ta yi, da "sudo" take farawa. Ku ma haka naku iyayen suke?