Kwanon da aka ware wa Inna

Ina ajin ƙarshe a lakwal, makarantar boko ta Tawa, ƴan shekaru bayan Faransawa sun miƙa mulki, tari ya kama mahaifiyarmu. Babanmu ya riga ya rasu, saura mu uku a gida: Inna, da ni, da ƙanwata da ba ta daɗe da iya magana ba. Fura Inna take damawa a bakin kasuwar dabbobi, da ita muke ci.

Tarin ya ƙi sakinta. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, tana ta ramewa. Ranar da na ga jini a gefen mayafinta na kafe sai mun tafi gidan likita.

Ma'aikacin da ya duba ta wani dattijo ne mutumin Damagaram. Ya sa ta tofa kaki a gwangwani, ya shafa kaɗan a gilashi, ya rina shi da ja da shuɗi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita. Da ya ji ina lakwal, sai ya tambaye ni ko mushenmu, malamin ajinmu, ya koya mana mikrob, ƙwayoyin cuta. Na ce a allo ya zana mana su.

“To zo ki ga na gaske.”

Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko shuɗi kawai na gani, can sai ga wasu jajayen abubuwa sirara, kamar guntayen zare, birjik. Ya ce masu rai ne, haihuwa suke yi a huhunta, in ta yi tari su bi iska. Ya ce duniya cike take da irinsu, har nono su ke sa shi tsami, amma waɗannan na tarin fuka ne. Sai allura kullum, wata da watanni. A ware mata kwano da wurin kwana, ta bar sayar da fura, ƙanwata kuma kada ta ƙara kwana a jikinta.

Duk wannan da Faransanci ya faɗa, don kada Inna ta ji. Ni aka bar wa faɗa mata.

A gida ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ke da idonki kin gan su?”

“Na gani, Inna.”

“A cikin jikin nan nawa?”

Na ce e. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. “Ashe na zama kuturwa,” in ji ta. Da kanta ta zaɓi wani tsohon kwanon sha mai lotsattsen baki ta ajiye a ƙofar ɗakinta.

Yarinyar ce ta fi ba mu wuya. Takan tsaya bakin ƙofa tana kuka tana miƙa hannu, Inna ta juya fuska bango, ni in ɗauke ta in goya. Maƙwabta suka ji labari, masu shigowa suka ragu, masu gaisuwa suka koma yi daga zaure.

Allurar ta karɓe ta. Kafin damina tarin ya lafa, ta fara cin tuwo. Sai ga kawunmu, yayanta, ya zo daga Barmu, ƙauyensu, ya ce ta warke, ta taho gida a yi shuka. Na ce masa mai allura ya gargaɗe mu, abubuwan ba su mutu ba, kwantawa suka yi.

Kawu ya ce, “Ɗiyata, abin da lakwal ta koya miki ke nan, ƙyamar uwarki?”

Na dubi Inna ko za ta sa baki. Kaya take ɗaurewa. Ta gaji da zaman kaɗaici, kuma gero ya kusa ƙarewa a gidan. Ta goya yarinyar suka tafi, aka bar ni wurin wata gwaggo saboda jarrabawa.

Bayan girbi aka dawo da ita a kan raƙumi, an tallafe ta ta baya. Dattijon ya sake fara allurar, amma wannan karon ba ta yi kome ba. Ya ce ƙwayoyin sun saba da maganin. Ta rasu kafin sanyi ya fita, da hantsi, ina tsakar gida ina dama mata kunu.

Ba a yi sadakar arba'in ba ƙanwata ta fara tari. Na bar karatu. Kullum da safe in goya ta zuwa gidan likita, ta yi ta ihu tun daga nesa in ta hango ƙofar. Kawu ya aiko a kai ta ƙauye, na ƙi. Shekara ta zagayo kafin a sallame ta. Ta rayu, amma allurar ta kashe mata kunne ɗaya.

Yanzu tana Affala da jikokinta. In na kai mata ziyara takan juyo mini kunnen mai ji, ta ce in ba ta labarin Inna, don ba ta tuna fuskarta.