Kyamarar Habsatou Marar Ƙara

Habsatou a shagon hoto ta girma. Mahaifinta, Malam Muttaƙa, shi ne mai shagon nan na bakin tashar Magaria, wanda rabin garin suka zauna a kujerarsa don hoton katin ɗan ƙasa. Bai yi niyyar koya mata sana'ar ba. Gidajen da namiji ba ya shiga ne suka tilasta shi: a yi suna ko biki, a bar shi a zaure yana ɗaukar maza, mata suna ciki suna aiko da ƙorafi. Ran nan ya rataya mata kyamara a wuya, ya nuna mata inda ake dannawa, ya ce ta shiga. Ba ta daɗe da barin lekwal, makarantar boko, ba a lokacin. Da idanunsa suka yi rauni, shagon ya dawo hannunta gaba ɗaya.

Shekara goma sha biyar tana fama da abu guda. Ɗakunan mata duhu gare su, taga kamar tafin hannu, tsohuwar kyamarar kuwa ba ta gani sai an haska fitilarta. Fitila na walƙawa jariri ya tsandara kuka, tsofaffi su runtse ido, goshin amarya ya yi ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Abin da take gani da idonta in ta shiga ɗaki ba shi take fitowa da shi ba.

Munir, ɗan ƙanin babanta da ke ɗaukar bidiyon biki a Kano, shi ya fara nuna mata sabon samfurin. Ƙarama ce, ba madubi a cikinta, amma allon da ke kama haske babba ne. Ta juya ta wajen babanta yana zaune a lungun shago, ta danna. Ba ƙara, ba walƙiya, sai ga tsohon nan tar, har zaren hularsa. Ta sayar da keken ɗinkinta da tumaki biyu, Munir ya kawo mata ta hannu.

Masu hoton garin sukan zauna gindin dogon yaro kusa da shagonta, kuma ranar da ta fito da ita kowa da abin da ya dame shi. Munir bai da zance sai yadda take narkar da abin da ke bayan mutum a bidiyo, shi kaɗai ya fito tar. Mahamadou, wanda ya riga ta saye, ya faɗa ba kunya cewa shi don ma'aikatan porje, wato ƙungiyoyin agaji, ya sayi tasa, in suka gan ta a wuyansa sai su ba shi aiki. Malam Tsoho, sa'an babanta, ya auna ta a tafin hannu ya miƙa mata.

“Batirinta kwana nawa yake yi?”

“Wuni ɗaya ma da ƙyar, Baba.”

“To, tawa sai na zaga Dungass da Mallawa na dawo ban nemi wutar kuran ba. Allah ya sa alheri.”

Ta so ta ba su labarin ɗakuna masu duhu, amma ba wanda ya taɓa shiga irinsu a cikinsu, ba kuma wanda ya tambaya.

Aikinta na farko da ita suna ne a Bande, gidan Hajiya Ɗela, wadda ta yi jika. Habsatou ta shiga ɗakin mai jego da hantsi, ta raɓe jikin bango, ta yi ta aiki. Mata suna hira, ba wadda ta kula da ita. Hajiya Ɗela ta karɓi jaririn ta zauna bakin gado, hasken ƙofa ya faɗo mata a gefen fuska, ta sunkuya tana yi masa addu'a a kunne. Habsatou ta danna.

Can Hajiya ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

“'Yar nan, ba za ki fara ba? Ina babbar kyamarar ubanki?”

“Na fara tun ɗazu, Hajiya. Wannan ba ta ƙara.”

“Ba ta ƙara, ba ta haske. To da me baƙina za su san na ɗauko mai hoto?”

Don ta gamsar da su sai ta shiga nuna musu a allon baya. Kowace mace ta ce sai ta ga nata, ta kira ƙawarta ita ma ta gani. Kafin azahar batiri biyu sun mutu, unguwar kuma ba wuta tun jiya. Lokacin da dangin uba suka iso da kayan barka, Habsatou tana tsugune a rumfar mai cajin salula a kasuwa, tana jiran injinsa ya ɗan tsam mata. Da ta dawo an riga an watse.

Bayan kwana uku ta kai hotunan. Ta ajiye na Hajiya da jikanta a sama, ta wanke shi babba ba tare da an sa ta ba. Hajiya Ɗela ta daɗe tana kallonsa.

“Wa ya ce ki ɗauke ni ban shirya ba? Ɗankwalina a karkace, duk tamojin fuskata a waje. Salular jikata ma ta fi wannan iya gyara mutum.”

“Hajiya, ku dubi yadda kuka riƙe shi.”

“Na san yadda na riƙe shi, ai ina wurin. Goge shi a gabana.”

Ta goge. Wankakken kuma Hajiya ta tura shi ƙarƙashin katifa, ta kife.

Ta isa shago ta zayyana wa babanta komai, tana jiran ya taya ta jin haushi. Malam Muttaƙa ya saurara har ta gama.

“Matar nan ba ta yi ƙarya ba,” in ji shi. “Fuskarta ce. Ni shekara talatin ban taɓa danna wa mutum ba sai ya gyara wuyan rigarsa.”

“To ni don me na sayar da kekena, Baba?”

Ya gyara zaman hularsa. Maganarsa ta fi ta Hajiya yi mata ciwo, don ta rasa ta inda za ta musa masa, kuma har yau ba ta yarda hoton nan kuskure ba ne.

Yanzu kyamara biyu take ɗauka. Tsohuwar tana gaba da fitilarta, ita ake yi wa tsayuwa ana gyara mayafi. Sabuwar tana cikin jaka da batiri huɗu, sai ta nemi izini take fito da ita, kuma a gida goma da wuya uku su yarda. Ta sayi marar nauyi ta ƙare da ciwon kafaɗa. Da damina Munir ya zo ya ce ta sayar masa tunda ba ta amfani da ita yadda ya kamata, ko bidiyo ɗaya ba ta taɓa yi ba. Ta ce masa ba ta sayarwa ba ce. Ya tambaye ta dalili, ta ce ya matsa mata daga bakin ƙofa, akwai 'yan jarrabawa shida da ke jiran hoton takarda.