Ranar da na jefa maƙwabcina cikin kanal

Abubuwa da yawa sun ɓace mini, har shekarun ƴaƴana sai na tambayi uwarsu. Amma Asabar ɗin da na jefa dattijo cikin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, a Jiratawa, da Lahadin da ta biyo bayanta, ba za su taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina koyarwa a wata lakkol a Maraɗi, ana kirana Mushe kamar kowane malamin makaranta, muna zaune a unguwar Zariya, kuma ba a daɗe da naɗa ni dattijon ikilisiya ba. Ni mutum ne mai zafin rai tun ina yaro. Na sani, matata ta sani, ƙofar ɗakinmu ma ta sani, don sau biyu kafinta yana zuwa gyara ta. Sai na ɗaura yaƙi da halina. Kullum da asuba ina durƙushe ina addu'a, kowace Laraba ina azumi, ayoyin haƙuri kuwa na haddace su har ina gyara wa fasto in ya yi tuntuɓe. In raina ya ɓaci, sai in cije leɓe in ƙirga zuwa ashirin da Faransanci. Wata takwas cur ban ɗaga wa kowa murya ba. A ganina na gama da fushi, saura in koya wa jama'a yadda ake yi.

Don haka da aka ce in je in yi wa'azi a wata ƙaramar majami'a a Tsibiri, ban yi dogon tunani ba, na zaɓi kamun kai. Shafi huɗu na rubuta, kuma in faɗi gaskiya, yawancin misalan da ke ciki ni ne.

Ana gobe wa'azin na hau babur zuwa Jiratawa, inda nake da ɗan filin noman rani da na gada wajen mahaifina. Can bi da bi ake ba da ruwa, kuma safiyar Asabar tawa ce. Albasata ta riga ta fara yaushi. Ina isa na tarar an toshe bakin filina da buhun ƙasa, ruwa yana ta kwarara cikin na maƙwabcina, wani dattijo Musulmi da suka yi shekara da shekaru suna noma gefe da gefe da mahaifina.

Na ce, "Baba, ruwan wa ke nan?"

Bai ɗago daga kan tattasansa ba ya ce, "Na Allah ne, Mushe. Amma yau ni aka ba."

Na fara ƙirga. Na kai bakwai. Na sunkuya na fizge buhun, shi kuma ya taso ya riƙe mini hannu yana cewa in tsaya in ji. Ban tsaya ba. Na hankaɗa shi, sai ga dattijo cikin kanal. Ruwan bai wuce gwiwa ba, amma gefen siminti ne, a kansa hannunsa ya sauka. Hularsa ta bi ruwa, ni kuma na tsaya ina kallonta tana tafiya kamar ita ce abin damuwa.

Mutane suka taru suka fito da shi. Mai rabon ruwa ya zo ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa ƴan aji: ran Alhamis an ɗauke wuta, injin bai tashi ba, sai aka matsar da kowa da kwana guda. An sanar ran Juma'a, ni ina aji. Ruwan na dattijon ne. Daga baya na ji wani yana cewa, "Ashe haka masu zuwa majami'ar suke." Wannan ta fi mari zafi. Mu Kirista kaɗan ne a wajen, abin da ɗaya ya yi, duka ake ɗora wa. Na ce in kai dattijon wajen mai ɗori a babur ɗina, babban ɗansa ya ce sun gode.

A gida matata ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To gobe mi za ka gaya musu?" Na ce zan aika a ce ba ni da lafiya. Ta dafa goshina ta ce, "Lafiyarka ƙalau."

Na shiga ɗaki don in yi addu'a, na rasa ta inda zan fara. A da, addu'ata rahoto ce, ina gaya wa Allah ci gaban da na samu. Ran nan ba rahoto. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ubangiji Yesu, ban iya ba."

Da safe na tsaya gaban mutanen Tsibiri, takarduna a hannu. Na karanta layin farko, na tsaya. Sai na ninke su na faɗi abin da na yi jiya, da azumin, da ƙirgar, duka. Wata tsohuwa da ke zama a bencin gaba saboda idonta ya yi rauni ta ɗago ta ce, "Ɗana, duk watannin nan, wa ke riƙe da kai?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "To, ai dole ka gaji. Sauko mu yi maka addu'a."

Na sauko na durƙusa, ita da sauran suka ɗora mini hannu. Wa'azin ranar ke nan.

Daga nan Jiratawa na nufa. Sau biyu ina tsayar da babur a hanya don in juya, sau biyu ina ce wa Ubangiji, "Ka kai ni, ni dai ba zan iya kai kaina ba." Na tarar da dattijon a ƙofar gida, hannu ɗaure da karare, ƴaƴansa suna tsaye ba mai murmushi. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka laifi, ba ni da hujja. Ka yafe mini."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Mahaifinka ma haka yake, sai dai shi ba ya da ƙarfinka. Na yafe. Tashi, Mushe, yau ruwan naka ne, kana nan kana durƙuso."

Ban daina addu'a ko azumi ba, kuma ba zan ce fushi ya daina zuwa ba. Abin da ya sake shi ne, da na ji yana tasowa nake neman taimako, ba na jira in gwada ƙarfina. Bayan wasu shekaru matata ta ce na canza. Na tambaye ta tun yaushe, don ni ban lura ba. Ta ce, "Tun da ka daina ba mu labarin haƙurinka."

Abin da na koya ke nan: halin kirki ba kaya ba ne da zan haɗa in kai wa Allah ya yaba. A hannunsa ake karɓa, kowace rana, kuma sai wanda ya yarda ba shi da shi yake miƙa hannu.