Kawu Muttaƙa da manifol ɗin Kwatano

Kawu Muttaƙa yayan mahaifiyata ne. A Dogarawa aka haife shi, amma a Ƙonni ya koyi gyaran mota, a wani gareji kusa da tasha, hannun wani Basakkwace mai faɗa wanda har yau Kawu ba ya ambaton sunansa sai ya yi masa addu'a. Da ya iya aiki ya dawo gida, ya auri Inna Zalika, ya kafa rumfa a bakin kwalta. Daga baya ya sayi wata tsohuwar Toyota a-kori-kura da injinta ya ƙone, ya zauna ya tashe ta da hannunsa. Da ita yake kwaso albasa daga lambunan kwarin Magiya zuwa bakin hanya, inda tireloli ke jira.

Abin da aka san shi da shi ba gyaran ba ne kawai, yadda yake gwada motar ne bayan gyara. Ba ya mayar wa mai mota makullinsa don ya ji ƙarar inji ta yi daɗi. Sai ya loda mata buhunan ƙasa, ko ya tattara duk masu zaman hira a rumfar ya ce su hau, ya gangara da su mashigin ƙorama inda yashi ya fi zurfi. A tsakiyar yashin yake tsayawa cak, sannan ya sake tayar da ita a hankali. In ta fita, aiki ya yi. Direbobi sun sha yi masa ƙorafi cewa yana ƙona musu mai a banza. Amsarsa guda ce, cewa a kan kwalta ko motar da ke shirin mutuwa gudu take yi.

Babban aikinsa na shekara shi ne albasar Inusa. Inusa taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma shi ne mai lambu mafi girma a wancan gefen ƙoramar. Wanda duk ya ɗauki kayan Inusa, shi maƙwabtansa ke ba nasu. Shekaru da yawa Kawu ne mai wannan aikin, kuma da shi yake riƙe gidansa har damina ta wuce. Akwai wani Wakili da ya sayi mota sabuwa, kowace kaka sai ya je ya gaida Inusa da goro, ya tuna masa cewa motar Muttaƙa ta tsufa.

Babban ɗan Kawu, Shafi'u, yana Kwatano, a wurin da ake sayar da motocin da aka sauke daga jirgin ruwa. A shekarar da nake ba da labari, gab da cirar albasa, ya aiko wa mahaifinsa kwali ta hannun wani direba. A ciki akwai manifol. Manifol shi ne bututun ƙarfe mai rassa da ke karɓar iska da mai daga kafireta, wadda ke gauraya su, ya raba wa kowace silindar inji rabonta. Na asali da ke motar Kawu baƙi ne, rassansa dogaye, ramukansa matsattsu. Wanda Shafi'u ya aiko fari ne fat yana ƙyalli, rassansa gajeru masu faɗi, ga babbar kafireta haɗe da shi. Shafi'u ya faɗa a waya cewa irinsa masu tseren mota ke sa wa injinansu, kuma tunda ya gan shi ya ce wannan na Baba ne.

Shi ne abu na farko mai nauyi da yaron ya taɓa aikowa gida. Kawu ya ajiye shi a kan tabarma a gaban rumfa wuni guda kafin ya ɗaura. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa ya ɗaga ya ji rashin nauyinsa, ya zura yatsa ya ji santsin ramin. Washegari ya ɗaura shi. Da aka tayar da motar, ƙararta ta canza, ta yi kauri. Mutane suka cika baya, Kawu ya hau kwalta ya miƙe wajen Malbaza. Waɗanda suka je sun ce allurar gudu ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, har hular wani ta tafi ba a koma nemanta ba. Suka dawo ana dariya, ana yaba Shafi'u.

Da yamma Inna Zalika ta tambaye shi ko ya kai ta ƙorama. Ya ce mata abin da aka yi don tsere ba ya bukatar awon yashi. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar lodin Inusa rana ta fito da zafi tun da hantsi. An cire albasa, an yanke ganye, an cika buhuna an jera a fili, ga tirela a bakin kwalta direbanta ya ce da la'asar zai tashi, da kaya ko ba kaya. Albasar da ta wuni cikin buhu a irin wannan rana dahuwa take yi, in ta kwana kuma sai a nemi wata motar. Kawu ya shiga lambu ba kaya, lafiya lau. Aka loda sawun farko. Da ya gangaro mashigin, motar ta shiga yashi ta fara shaƙewa. Ya taka mai kaɗan, ta mutu. Ya tayar ya taka da ƙarfi, inji ya yi ruri, tayoyin baya suka haƙa rami ta zauna. Aka tura, aka sa itace, aka rage buhuna. In ya bi ta a hankali ba ta da ƙarfin ja, in ya ba ta wuta sai ta tona. Can tsallake, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, Wakili ya tsayar da sabuwar motarsa ya zauna a kan bonet yana cin goro.

Inusa ya zo ya leƙa injin, ya daɗe yana kallon farin ƙarfen.

"Taubashi, wanga abu mai walƙiya, na ja ne ko na kallo ne? In na kallo ne mu kai shi ɗakin amarya."

"Kai da ko jaki ba ka iya ɗaure wa mangala ba, mi ka sani ga inji?"

"Na san albasata tana dahuwa. Ga Wakili can, ko kiransa ban yi ba ya zo."

Kawu ya ce mini a nan ne ya rufe bonet. Ya riga ya gane abin da ke faruwa tun mutuwar farko. Ramuka masu faɗi suna son inji yana juyawa da sauri kafin iska ta taru ta shiga da ƙarfi. A kan kwalta haka ake so. A cikin yashi da kaya, inji a hankali yake juyawa, kuma a nan dogayen ramuka matsattsu na tsohon manifol suke tura iskar ciki. Ya dubi Inusa ya ce a ba shi zuwa azahar, in azahar ta yi motar ba ta fita ba, shi da kansa zai je ya kira Wakili ya kuma taya shi lodi. Inusa ya ce ya ji, ya sa aka rufe buhunan da karan dawa.

Kawu ya kira gida ya ce a nemo tsohon manifol da kafiretarsa a rumfa. Kafireta na nan cikin bokiti, amma manifol babu. Ashe Inna Zalika ta ɗauke shi ta tokare ƙofar garken awaki da shi. Ita da kanta ta hau kabu-kabu ta kawo shi, naɗe cikin tsohon zane. Ta miƙa masa, sai da ya duba ya ga zanzaro ya fara gini a rami ɗaya, sannan ta ce ai ko zanzaro ya san abu mai amfani. Ya tsokale ginin da waya, ya wanke ramukan da fetur, ya busa kowanne da bakinsa.

Injin da zafi, ya naɗe hannu da tsumma ya kwance na Kwatano. Gaskit ɗin da ke tsakanin manifol da inji, wanda ke hana iska zurarewa, ya yage wurin cirewa. Ya karɓi kwalin sukari wurin mai shayin ma'aikata, ya ɗora a bakin ƙarfen, ya bi gefe-gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fito, ya shafa masa giris. Farin manifol ɗin kuwa bai ajiye shi a ƙasa ba. Ya cire rigarsa ta sama ya naɗe shi, ya sa a kujerar gaba.

Ana kiran azahar a ƙauyen da ke kusa ya tayar da motar. Ta dawo da tsohuwar ƙararta mai sanyi. Ya ce a mayar da duk buhunan da aka sauke, a ƙara wasu. Ta ɗaga daga ramin a hankali, ta fara tafiya. Da ta kai inda yashi ya fi zurfi, sai ya taka burki ya tsaya.

Inusa ya biyo shi da gudu, rawaninsa na warwarewa. "Muttaƙa, kana hauka ne? Ta fita ka tsai da ita?"

"Ban gwada ta ba tukuna," in ji Kawu.

Ya saki kuloci sannu-sannu. Motar ta yi nishi, ta ja, ta haye gaɓa. Bai sake tsayawa ba sai bakin tirela. Sawu bayan sawu ya yi ta yi, ko abinci a kan sitiyari ya ci. Direban tirela ya ƙara musu ɗan lokaci bayan la'asar saboda ya ga kaya na zuwa, aka ɗaure tanti aka sallame shi.

Kiran Shafi'u ya fi masa aikin wuya. Sai da ya kwana biyu yana juya wayar. Da ya kira, ya faɗa masa komai yadda ya faru, har hular da ta ɓata a hanyar Malbaza. Shafi'u ya tambaya ko ƙarfen ba shi da kyau ne. Kawu ya ce ƙarfe ne na gaske, bai taɓa riƙe mai kyansa ba, motar da ke wuni kan kwalta tsakanin Ƙonni da Tawa za ta ji daɗinsa, amma tasa motar a cikin yashi take cin abinci. Ya ce in ya sake ganin irin tsohon, baƙin nan mai dogayen rassa, ya saya masa ya ajiye.

Wakili bai fasa zuwa da goro ba. Bayan sati ya sami Inusa a lambu ya ce ai kowa ya ga abin da ya faru a mashigi. Inusa ya karɓi goron ya raba wa ma'aikata, ya ce shi ma ya gani, ya ga mutum ya kwance inji a tsakiyar ƙorama da rana tsaka ya kuma kai kaya kafin tirela ta tashi. Sannan ya aika a gaya wa taubashinsa cewa maƙwabta biyu za su cire tasu albasar ranar Laraba, ya zo da wuri, kuma ya bar kayan adon a gida.